Shirun Mutmainna a Gaban Alƙali

Jibiya, ranar Talata

Tana da rai! Lawwali, Mutmainna tana da rai! Tana nan cikin gidana, a ɗakin kakarta, yanzu haka ina jin tarinta ta taga. Duk wanda ya kai muku labari Maraɗi cewa an yi jana'iza, tsoro ne ya sa bakinsa ya riga idonsa.

To, na sauke abin da ke bakina, bari in yi sallama. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar taka? Mu nan sai godiya. Gero ya yi kyau bana, illa dai ba kowace gona ake iya zuwa ba. Tun da aka yanke mana layin waya muka koma kamar mutanen da, shi ya sa na ɗauki biro. Ka sha yi mini dariya da na shiga ajin yamma da furfurata, ka ce me tsoho zai yi da a, ba, ca, da. Ga ranarta ta zo, taubashi. Zunnuraini direba ne zai kawo maka wannan.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda Salmatu maƙwabciyarsu ta faɗa mini. Ranar Alhamis da hantsi ne, a gidansu na Magama. Abbas, autanka, ya tashi zai hau babur ya bi hanyar daji da kaya, yadda samari ke yi tun da aikin lodi ya mutu a bakin iyaka. Ya sha ƙwayoyin nan, yana tangaɗi. Salmatu tana daka a bayan katanga, ta ji jikata tana cewa, "Ba zan ba ka makulli ba, kashe kanka za ka yi." Ta ji hayaniya, sai kuma ta ji tsit. Ta ce shirun ne ya tayar mata da hankali. Ta zagayo da taɓaryarta, ta iske ƙofa a kulle, ta fasa ta. Ta same shi durƙushe a kan matarsa, hannu biyu a wuyanta. Ta kwaɗa masa taɓarya a kafaɗa, samarin unguwa suka riƙe shi suka kai wa 'yan sanda. Makullin kuwa daga baya aka tsince shi cikin kwanon gari.

Yarinya ba ta motsi. Har an ja zani an rufe mata fuska, mata sun fara salati, sai ta yi tari. Lawwali, na tsufa a duniya ban san tari abin yi wa Allah godiya ba ne sai ranar. Yanzu duk sanda ta yi shi sai in ce Alhamdu lillahi, kakarta ta ce na zauce.

Babu jini, babu karaya. Idonta dai ya yi jawur, muka ce kuka ne. Ba ta iya haɗiye tuwo sai kunu, tana yawan nuna wuyanta, kakarta na ba ta zuma da citta. Magana kuwa ba ta ce komai ba, ko ga 'yan sanda, ko gare mu. Ko uffan ba ta ce a kan Abbas ba. Matan gida sun ce firgita ce da kunya, don yaya za ta buɗe baki a kan ɗan Baba Lawwali? Jiya na tsokane ta irin ta kaka da jika, na ce, "Amaryata, fushi kike da tsohon mijinki?" Ka san bakinta, da da ne sai ta ce wa zai auri mai haƙori huɗu. Jiya dubana kawai ta yi.

'Yan sanda sun rubuta cewa rauni ne, za su kai shi kotun shari'a. Ban rubuto don in ƙona maka rai ba. Ni da kai muka ƙulla auren nan da murna, ita marainiya a hannuna, shi ɗanka. Amma yau ba ni da wurin ajiye baƙin ciki. Tana da rai.

Taubashinka,
Ummaru


Maraɗi, ranar Juma'a

Wa alaikumus salam, Ummaru.

Takardarka ta iske ni zaune bisa tabarmar ta'aziyya. Wallahi haka ne. Labarin da anka kawo mana shi ne ɗiyar ta rasu kuma ɗana ne ya kashe ta. Mutane sun cika ƙofar gida, ba su san ko gaisuwar mutuwa za su yi mini ba ko ta abin kunya. Na karanta layinka na fari da ƙarfi, uwar Abbas ta faɗi ta yi sujada nan cikin ƙasa. Allah Ya saka wa malamin da ya koya maka rubutu. Na janye dariyata, amma ba duka ba, don har yanzu baƙaƙenka kamar sawun kaji suke.

Ƙafa tana nan yadda ka san ta, kumburi har gwiwa, ko masallaci sai an riƙa ni. Da ba don haka ba, da ni za ka gani, ba takarda ba.

Abin da Abbas ya yi ba ni da bakin kare shi. Ni na haife shi, ni kuma zan hore shi. Amma na maimaita wuri guda cikin takardarka har na hardace shi: ka ce ko uffan ba ta ce a kansa ba. Ummaru, wannan ɗiyar gidan mutunci ce. Macen da ke son a ɗaure mijinta, tun gaban 'yan sanda za ta fara zuba. Wadda ta yi shiru, rufin asiri take nema. Ta yafe, kunya ce ta hana ta faɗi. Mu manya ya kamata mu faɗa a madadinta.

Ka ce babu jini, babu karaya. To mi ya rage da za a kai gaban alƙali? Tun kakanninmu, abin da ya faru cikin ɗaki a zaure ake kashe shi. In yaron ya shiga gidan kaso, ya fito da abin da ya fi ƙwaya muni, kuma zumuntar da munka gada ta tsage, ba mai ɗinke ta.

Ga shawarata. Zan aiko wa ƙanena Lado da ke Farfaru ya tara dattawa, su zo maka da goro da turmin zane na biko, su wuce kotu su ce an sasanta a gida. Ta huta wurinka har ta warware, sannan ta koma ɗakinta. In kana da ja, ka maido amsa ta hannun Zunnuraini.

Naka,
Lawwali


Maraɗi, ranar Laraba

Ummaru, sallama da gaisuwa. Ƙafa da sauƙi kaɗan.

Kasuwa ta ci ta sake ci, ban ga amsarka ba. Na san halinka, in abu bai yi maka ba, ba ka iya kwana da shi. Tunda ka yi shiru, na ɗauka ka yarda, kunyar faɗi kake ji don kai ne mai ɗiya. Allah Ya bar zumunci. Na aika wa Lado ta hannun wani mai kai albasa. Za su same ku ranar zaman kotu. Uwar Abbas har ta fara dakan yajin da za ta aiko wa surukarta.

Lawwali


Jibiya, ranar Asabar

Assalamu alaikum, Lawwali. Ina fatan ƙafa na ƙara sauƙi. Mu muna lafiya. Mutmainna ta fara cin fate.

Takardunka biyu jiya suka zo hannuna tare. Motar Zunnuraini ce ta lalace a Ɗan Isa, ta daɗe a wurin makanike, takardarka ta farko na kwance cikinta. Ban yi shiru don na yarda ba, ban ji ka ba ne. Ka riƙe wannan, don za ka ga amfaninsa a ƙasa.

Ranar zaman kotu na fito da ita da kakarta da Salmatu, sai ga Lado a bakin ƙofar kotu da dattawa, da ƙwaryar goro da zane. Ya ce kai ka aiko, kuma wai na amince. Ban ƙaryata shi gaban mutane ba. Gaskiya kuma, da na ga goron, zuciyata ta yi sanyi, na ce watakila hakan ya fi.

Ban taɓa shiga kotu ba sai ranar. Na zaci wani babban abu zan gani. Ɗaki ne kawai, da benci, da fanka mai ƙara. Alƙalin ɗan siriri ne, bai kai shekarun marigayi uban Mutmainna ba, muryarsa ƙasa-ƙasa har sai ka miƙa kunne. Aka shigo da Abbas, ya rame. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta laifi. Abbas ya ce, "Allah gafarta Malam, ɓacin rai ne. Ban yi niyyar kashe ta ba, ko jini bai fita ba."

Lado ya miƙe ya yi bayani mai daɗi. Ya ce gida ɗaya ne, an sasanta, yarinya ta yafe.

Alƙali ya juya wurinta ya ce, "Mutmainna, kin yafe?"

Ta sunkuyar da kai cikin hijabi.

Lado ya yi murmushi ya ce, "Ka gani, Allah gafarta Malam. Kunya ce. Shirun mace ai amsa ne." Dattawa suka ce haka ne, haka ne. Ni ma na gyaɗa kai.

Alƙali bai rubuta komai ba. Ya ajiye biro ya ce, "Wa ya ji ta ce ta yafe?" Aka dubi juna. Ya ce, "To tun ranar da abin ya faru, wa ya ji muryarta, ko da neman ruwan sha ne?" Ya dubi kakarta. Tsohuwa ta buɗe baki za ta ce ita, sai ta tsaya. Na ga tana lalube cikin kanta. Ta ce, "Nuni take yi mini da hannu."

Sai ya ce duk wanda yake suruki gare ta ya fita waje, har da Abbas. Aka bar ni da kakarta da Salmatu da ma'aikatan kotu. Ya sassauta murya ya ce, "'Yata, ba na tambayar ki laifin kowa. Sunanki kawai za ki faɗa mini."

Lawwali, na ga ta ɗaga kai. Na ga bakinta ya buɗe, jijiyoyin wuyanta sun tashi, ta yi ƙoƙari har gumi ya karyo mata. Abin da ya fito iska ce kawai, kamar mafitsarar ƙwallo da aka huda. Ta sake, haka. Hawaye suka zubo. Muna gida ɗaya da ita, muna ba ta zuma muna yaba kunyarta, ashe maganar ce babu. Baƙo ne, cikin ɗan lokaci, ya ji abin da ba mu ji ba.

Ya ce, "In kin yafe, ki gyaɗa kai. In ba ki yafe ba, ki girgiza. Babu surukinki ko ɗaya a nan." Ta dube ni, kamar mai neman izini. Na ce, "Amaryata, faɗi gaskiyarki." Ta girgiza kai. Ya ce, "Kina son komawa ɗakinsa?" Ta girgiza har hijabinta ya zame, muka ga sauran shatin yatsu a ƙarƙashin haɓarta.

Aka dawo da mutane. Lado ya ce shi dai bai ga abin da ya kai a ɗaure mutum ba, tunda ɗan lokaci ne kuma ba rauni. Alƙali ya ce, "Malam Lado, ina roƙon ka abu guda. Toshe hancinka da bakinka da hannunka. Salmatu za ta faɗa mana abin da ta yi tun daga sanda ta ji shiru har ta shiga ɗakin. In ta gama sai ka saki." Lado ya yi dariya ya toshe.

Salmatu ta fara. Ta ce ta tsaya ta saurara tukuna. Ta kira sunan Mutmainna. Ta gyara ɗaurin zaninta, ta sauke goyonta ta ajiye. Ta fito zaure, ta zagaya ta lungu. Idon Lado ya fara yin ja. Ta ce ta tura ƙofa ta ji sakata, ta buga, ta yi kira. Nan Lado ya saki, yana haki yana riƙe benci, hularsa a ƙasa. Salmatu ta ce, "Ai ban ma fara dukan ƙofar ba, Baba."

Ba wanda ya yi dariya. Ko fankar sai na ji kamar ta yi shiru. Alƙali ya ce, "Kai hannunka ne, ka ga dama ka saki. Ita hannun wani ne."

Ya sa aka kai ta asibiti a Katsina. Likita ya leƙa maƙogwaronta da wata fitila, ya ce wurin da murya ke fitowa ya ji ciwo, kuma jan idon nan ba kuka ba ne, shaƙar ce. Ya ce muryar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa. Da aka koma kotu, aka sauya laifin daga rauni zuwa mummunan rauni, aka hana beli.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan. Alƙali ya ce a shari'a, wanda ya raba mutum da muryarsa, diyyar da ke kansa daidai take da ta rai. Ya ce kuma ba a yanke hukuncin rauni sai an ga inda ya tsaya, don haka za a jira. Lawwali, ka ji? Muryar yarinyar nan da ke tsokanata a tsakar gida, wadda muke cewa ta cika surutu, tun kafin a haifi kakanninmu malamai suka auna ta suka ce nauyinta nauyin rai ne. Na fito ina tafe ina maimaitawa har na wuce kwanar gidana.

Goron Lado ya koma da shi. Shi da kansa ya ɗauka.

Ummaru


Maraɗi, ranar Litinin

Ummaru, wa alaikumus salam. Lafiya dai ta jiki.

Na karanta. Ɗana yana kaso, an hana beli, an ɗora mishi nauyin rai, kai kuwa kana ba ni labari kamar wanda ya dawo daga kallon dambe. Alƙali ya ce, alƙali ya yi. Har kwanar gidanka ka wuce don daɗi. Ban ga layi guda ba inda ka ce Allah sarki Abbas. A gabanka anka yi mishi suna, kai ka fara aza shi bisa jaki. Uwarsa ta zubar da yajin da ta daka.

An ce layin waya ya dawo wajenku. Kada ka kira ni, ba ni ɗauka. Ban shirya jin muryarka ba.

Na rufe takardar nan, na sake buɗe ta. Lado ya zo. Na yi zaton zai taya ni faɗa, sai ya zauna ya yi ta kallon ƙasa. Ya ce, "Yaya, gwada." Na kore shi. Da ya fita, na toshe hancina da bakina. Ban kai ko lungun ba.

Ban san abin da zan ce maka ba. Fushina yana nan, amma na rasa wanda zan aza wa. Ka faɗa mini gaskiya, tana jin zafi in tana haɗiya? Akwai wani mai magani nan da ake yabo kan ciwon wuya. In likita bai hana ba, in aiko.

Lawwali


Jibiya, ranar Alhamis

Ta yi magana! Lawwali, ta yi magana! Na kira ka har yatsana ya gaji, ka cika alkawarinka ba ka ɗauka ba, to ga takarda, ita ba ka iya kashe ta.

Assalamu alaikum. Yaya ƙafa, yaya uwar Abbas? Ka yi haƙuri da daɗewar amsa. Watannin nan ba ni da abin faɗa maka sai jira, kuma na ga takardata ta baya ta yi maka ciwo. Ka yi gaskiya, ban ce Allah sarki Abbas ba. Mamaki ne ya cika mini ido. Amma duk ranar ziyara ina zuwa wurinsa da dambu da ƙuli-ƙuli. Farkon zuwana jikinsa rawa yake saboda rashin ƙwayar, bai iya dubana ba. Yanzu ya yi ƙiba, idonsa ya washe, ana koya masa aikin kafinta. Ya yi mini wata 'yar kujera mai ƙafa ɗaya gajere, a kanta nake rubutun nan, in ka ga layi ya karkace laifinsa ne.

Ga yadda aka yi. Da la'asar na cire hulata na ajiye a kan turmi, na tsuguna ina alwala. Mutmainna tana tankaɗe a bakin ɗaki. Sai na ji wata murya a bayana, a shaƙe, kamar ana jan zarto a busasshen itace, ta ce, "Tsoho, akuya na cin hularka."

Na juya ina neman baƙon da ya shigo mini gida ba sallama. Ba kowa sai ita, ta dafe bakinta da hannu, gari ya ɓata mata fuska, idonta waje. Buta ta faɗi daga hannuna. Na ce, "Me kika ce?" Ta ce, "Hularka." Kakarta ta fito da gudu ba ɗankwali, tana guɗa tana kuka. Ni kuwa na tsaya ina kallon akuya tana tauna hular da na yi Salla biyu da ita, ban ko ɗaga hannu ba. Na ce a bar ta ta cinye, a ƙara mata dusa.

Na ce, "Amaryata, ashe kina nan." Ta ce, "Wa zai auri mai haƙori uku?" Na ce huɗu ne. Ta ce ɗaya ya faɗi tana kallo, ba ta da bakin faɗa ne kawai.

Muka sanar da kotu, aka sa rana. Wannan karon da alƙali ya ce ta faɗi sunanta, ta faɗa. Ƙasa-ƙasa ne, sai da aka kashe fanka, amma kowa ya ji. Abbas na jin muryar ya kifa kansa a kan katako ya fashe da kuka. Bai san haka ta koma ba. Likita ya ce ba lalle ta dawo kamar da ba, don haka akwai haƙƙinta a kansa gwargwadon abin da ya ragu.

Alƙali ya ce, "Yau ba mai faɗa a madadinki. Me kike so?"

Lado na zaune, dattawa na zaune, ba ta nemi a fitar da kowa ba. Ta yi maganar a hankali, tana hutawa tsakani. Ta ce, "Ɗakinsa ba zan koma ba. Haƙƙin muryata kuwa na bar shi, saboda Baba Lawwali da Inna. Su ba su shaƙe ni ba, kuma na san su za su sayar da gona."

Alƙali ya ɗauki biro. Ya ce, "Wannan ita ce yafiya, wadda aka ji da kunne." Ya ce abin da yake nata ta bari, ya baru. Amma akwai abin da yake na hukuma, don gobe kada wani ya kama wuyan matarsa ya ce ai jini bai fita ba, wannan kuwa ba ita ke da shi ba balle ta yafe. Ya yanke wa Abbas shekara biyu, har da zaman da ya riga ya yi. A kan buƙatarta kuma ya raba auren saboda cutarwa. Ya tambayi Abbas ko yana da magana. Abbas ya ce, "A gaya wa babana makullin da ta ɓoye, raina ta ɓoye." Na yi masa alkawari zan rubuta, ga shi na rubuta.

Ban san ko wannan zai yi maka daɗi ko ciwo ba, taubashi. Ina jin duka biyu ne. Aure ya mutu, amma ba a yi jana'izar kowa ba. Ɗanka zai fito da sana'a a hannu, jikata tana da bakin da za ta ce a'a. Ni abin da na gani ya ishe ni tunani har in mutu: an kashe fanka a kotu don a ji muryar marainiya.

Na ce mata ta karɓi waya ta gaishe ka, ko ka ɗauka in ka ga lambar kakarta. Ta ƙi. Na ce to ta faɗa in rubuta. Ta ce a'a, an gama yi mata magana da bakin wani. Ta ce tana da abin da za ta gaya maka, amma sai ka zauna a gabanta.

Don haka ka taso. Na yi magana da Zunnuraini, zai ba ka gidan gaba ka miƙe ƙafa, kuma ya rantse motar ta gyaru. Ka zo da uwar Abbas, ta sake daka yajin, za a ci. Ka zo da duk waɗanda suka zauna maka ta'aziyya, kowa da kowa, tabarma ba ta ƙare ba. Lado zai zo da mutanen Farfaru, Salmatu za ta zo, na ce ta taho da taɓaryar. Mu fara zuwa ka ga ɗanka da idonka, sannan mu dawo gida ka zauna a kan kujerarsa mai ɗingishi. Akuyar ma tana nan, da sauran hular. Ku zo ku gani, Lawwali. Ku zo ku ji.

Taubashinka,
Ummaru